Gidan Yaya a Kan Kududdufi

Duk shekara idan 'yan aji ɗaya suka shigo ƙaramar sakandaren da nake koyar da labarin ƙasa, akwai darasin da nake yi musu da faranti da buta. Nakan cika babban faranti da rairayi, in tara tudu a gefe ɗaya, in haƙa ɗan rami a ɗaya gefen, sannan in riƙa tsiyaya ruwa a kan tudun. Yara su kewaye tebur suna ture juna, ruwan ya gangaro ya taru a ramin. Sai in cike ramin da yagaggun takardu da garin alli, in rufe da rairayi, in shafe shi ya yi sumul, in tambaye su inda ruwan zai je yanzu. Su ce ai ya rasa wurin zuwa. In sake tsiyayawa, ya nufi daidai inda ramin yake, wurin ya jiƙe ya lotsa. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana gane wannan kafin a kaɗa ƙararrawa. Amma gidan yayana ya tashi a kan irin wannan ramin ina tsaye ina kallo.

Ni da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara tara ce tsakaninmu. Babanmu ya rasu a shekarar da Yaya ya gama firamare. Ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi a sakandare, har Inna ta fara tanadin akwati, amma bai je ba. Shagon wani tela a Ƙofar Marusa ya shiga, ya fara da sa maɓalli da guga, har ya zama mai shagon kansa. Da ƙafarsa a kan keken ɗinki ya kai ni har kwalejin horon malamai. Ranar da na fara aiki ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam, ko a gaban Inna.

Yana alfahari da ni fiye da kima. Idan na biya shago da yamma sai ya tsayar da keke ya jefo mini tambaya don masu jiran ɗinki su ji: me ya sa hadari yake tasowa daga gabas, me ya sa ake sallar Magariba a Makka mu nan rana ba ta yi sanyi ba. Ni kuwa abin nema ya samu, sai in gyara zama in yi ta zuba. Ina da iyayi, wannan ba sai an gaya mini ba. Ina kuma da riƙo, wanda ya fi iyayin muni.

Bayan unguwarmu a Ƙofar Sauri akwai wani babban kududdufi. Daga nan kakanninmu suka ɗebi ƙasar da suka gina gidajen unguwar, shi ya sa ya yi zurfi haka. Ruwan kowane lungu can yake gangarawa. Da damina ya cika ya batse, kwaɗi su hana mutane sakat, mu kuma mu saci jiki mu je iyo, Inna ta gane daga jan idonmu ta zane mu. Da muka girma aka mai da shi bola. Shekara da shekaru ana zuba shara, daga baya motocin tifa suka kawo jar ƙasa aka bi ta kai aka daddale. Wanda bai san wurin ba sai ya rantse fili ne tun fil azal. Aka yanka shi fuloti-fuloti aka sa a kasuwa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya ya ce in zo in ga wani abu. Na tarar da shi da abokan majalisarsa su huɗu da dillali, kowa cikin kayan Juma'a. Muka bi ta lungu muka fito fili, ya tsaya tsakanin wasu turaku huɗu ya buɗe hannuwa yana murmushi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Shekara kusan goma sha biyar yana zaune da iyalinsa a ɗaki biyu cikin gidan gado, yau ga shi tsaye a kan filin da ya saya, nasa na kansa.

Ni kuma tsohuwar tsamiyar da muke rataye riguna idan za mu shiga ruwa nake kallo. Daga inda take na auna da ido, na ga muna tsaye a tsakiyar kududdufin, daidai inda ko manyan samari ba sa taɓa ƙasa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In ce Allah ya sanya alheri, a shafa fatiha, in bari sai mun keɓe mu biyu in zauna ƙasa in yi masa bayani. A maimakon haka sai malamin da ke cikina ya motsa. Na fara nuna gangaren lunguna da hannu, ina bayanin inda ruwa yake bi, da yadda shara take ruɓewa ƙasa ta zauna, har da Turanci. Dillali ya ce ai an cike wurin, ga gidaje nan wasu sun fara. Gardamarsa ta ba ni haushi, na ɗaga murya na ce, "Haba! Wannan ai ko ɗan aji ɗaya ya san ba a gini a nan."

Wani cikin abokan ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Yaya ya sauke hannuwansa. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "To Malam, mun gode. Ni dai ban shiga aji ɗayan ba. Kai ma ka san dalili."

Aka yi addu'a a gurguje aka watse. Na koma gidana a unguwar Kambarawa raina a ɓace, kuma abin kunya, ba don na ci masa fuska ba, don an ƙi jin maganata ne.

Labari ya riga ni zuwa wurin Inna. Ta aika aka kira ni, ta ce, "Kai Auta, ashe karatun naka bai koya maka inda ake magana ba? Ka tahi ka ba ɗan'uwanka haƙuri. In kuma akwai abin da ka hango, ka hwaɗa mashi a hankali, ku biyu." Na je shago na durƙusa na ce a yi haƙuri. Ya ce ba komai, ya wuce, har ya sa aka sayo mini fura. Rabin saƙon Inna na cika. Ɗaya rabin na haɗiye shi da furar, na tashi na tafi.

Shekara guda cur filin yana nan ba a taɓa shi ba. A cikin shekarar nan babu makon da ban ga Yaya ba. Ana iya sayar da filin a nemi wani a kan tudu, ko da ya fi nisa. In ma ya nace sai nan, akwai abin da zan iya cewa: a haƙa har sai an tarar da ƙasa mai tauri, a ɗaga ginin sosai, a haɗa kai da maƙwabta a bar wa ruwa hanya. Duk na san wannan, shi nake ci da shi. Matata ta yi mini magana ya fi sau uku, ina ce mata na faɗa sau ɗaya an yarfa ni, ba zan ƙara ba. Abin da ban gaya mata ba shi ne, can cikin zuciyata akwai wata murya da take cewa bari dai damina ta yi masa bayani.

Ranar da aka haƙa harsashin ginin ina wurin. Na leƙa ramin. Bayan jar ƙasar da ba ta wuce tsawon hannu ba, sai baƙar ƙasa mai ɗoyi, da ledoji, da tsummoki, da tsofaffin silifa. Magini ya ce ba matsala, za a zuba kankare mai kauri. Yaya yana tsaye kusa da ni, kafaɗarsa tana gogar tawa. Na ce Allah ya sa a gama lafiya, na karkaɗe rigata.

Shekara biyar ya yi yana ginin nan. Bayan kowace Sallah, idan ɗinki ya yi auki, sai a ƙara layin bulo. Idonsa ya fara rauni, ya sayi tabarau ya ci gaba. Na taya shi ɗaukar bulo, na raka shi zaɓen kwano, na zauna a sahun gaba ranar walima na ci shinkafa. Ɗaki huɗu ne da zaure, ya ware ɗaya ya ce na Inna ne, ita kuwa ta ce ba mai raba ta da ɗakin mijinta sai mutuwa.

Daminar farko ta wuce lafiya, ruwa ya tsaya a ƙofar gida kwana biyu ya janye. Na ji daɗi, amma ba zan ɓoye ba, na ɗan ji kamar an ƙwace mini wani abu. A ta biyu danshi ya hau bango har gwiwa, fenti ya fara ɓarewa, wani farin gishiri ya fito. Ƙofar ɗakin baya ta daina rufuwa sai an ɗaga ta. Sannan tsaga ta bayyana daga kusurwar taga ta gangaro ƙasa. Idan zan je sai in tarar an shafe ta da sabon siminti, wata rana kuma na tarar an jawo kabad an tare wurin. Mu zauna a zaure mu yi hirar tsadar yadi da ciwon ƙafar Inna. Ya daina yi mini tambayoyin nan nasa na hadari da rana, ni ma ban tambayi dalili ba.

A damina ta huɗu, cikin dogon hutu, ruwa ya sauko ana idar da sallar Azahar. Bai zo da iska ba, zuba kawai yake yi kamar da bakin ƙwarya. Wajen La'asar matar Yaya ta kira ni a waya, ban ji abin da take faɗa ba sai salati da kukan yara. Na hau babur cikin ruwan, na jingine shi a bakin titi saboda lungu ya zama rafi, na kutsa da ƙafa. Kafin in kai tsamiya ruwa ya kawo mini ƙugu.

Alhamdu lillahi, an fitar da kowa. Maƙwabta sun ɗauke yaran zuwa tudu. Yaya na tsaye cikin ruwa, hula ta faɗi, ya rungume kan keken ɗinkin da yake aiki da shi a gida. Muna tsaye bangon baya ya zauna. Ba faɗuwa ya yi ba, nutsewa ya yi a hankali, kwano ya yi ƙara ya karkace, ɗakin da aka ware wa Inna ya bi shi. Babu wanda ya yi ihu. Na karɓi kan keken daga hannunsa, na riƙe masa hannu muka fito.

Ruwan ya yi makonni kafin ya janye, abin da ya rage na gidan kuma ba ya gyaruwa. Yaya ya koma ɗaki biyun nan na gidan gado da 'ya'ya bakwai. Bai yi ƙorafi ba, duk wanda ya zo jaje sai ya ce haka Allah ya so. Babu wanda ya tuna mini cewa na faɗa, ni ma maganar ta zame mini abin ƙyama. Na sami gaskiyar da nake jira, kuma ban taɓa riƙe abin da ya ƙone ni kamarta ba.

Bayan wata biyar ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti na mai da zuwa wurinsa aikina, kullum in na tashi daga makaranta. In zauna a bakin katifa in riƙa murza masa hannun da man zafi. Maganarsa ta yi nauyi amma ana ganewa.

Wata rana da yamma, matarsa ta fita tsakar gida, sai ya ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Ranar da aka haƙa harsashi, ka leƙa ramin nan. Na ganka."

Na ce na leƙa.

"Ni ma na ga abin da ke ciki. Gabana ya hwaɗi. Shi ya sa na matso kusa da kai, ina jira ka ce wani abu. Wallahi da ka ce a tsaya, da an tsaya." Ya huta, ya haɗiye yawu da ƙyar. "Ni ne babba, kuma bayan abin da ya hwaru gaban mutane, bakina ya yi nauyi in tambaye ka. Amma kai mi ya hana ka sake hwaɗa mani?"

Na ci gaba da murza hannun. Amsar tana bakina, na san ta sarai: so nake ya gani da idonsa cewa ni ke da gaskiya. Na dubi hannun nan da ya ɗinka mini kayan makaranta tun daga firamare, na kasa.

Na ce, "Kunya ce, Yaya. Nauyinka nake ji."

Sai ya lumshe ido, fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi a ɓangaren da yake motsi. Ya ce, "Haka na ce ma Inna. Na ce yaron nan kunyata yake ji, ba wani abu ba." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nawa ya ce in daina damuwa, shi bai riƙe ni da komai ba.

Ya rasu kafin damina ta zagayo. Ya yafe mini kunyar da ban ji ba, ainihin laifin kuwa ban ba shi damar ya yafe shi ba.