Filtar da Yaya Ya Shafa wa Man Gyaɗa

A gidanmu na unguwar Digel ba a yar da abu. Gwangwanin tumatir shi ne mudun gishiri, tsohon zane ya koma tsumma, tsumman ma in ya gaji a murɗe shi a yi gammo. An ce wurin kakanmu muka gaji halin, shi da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun nan ne ya haife mu. Amma duk cikinmu babu wanda ya rungumi gadon nan kamar babban wanmu, wanda muke kira Yaya. Mutumin da ke wanke leda ya shanya, me ya rage?

Shekarar da Allah ya kira Inna aikin hajji, Yaya ya rantse shi zai kai ta filin jirgi a motarsa. Ba don motar ta fi ta kowa ba, wallahi, tsohuwar Toyota ce mai tari kamar ɗan taba. Dalilin daban ne, kuma kowa ya san shi. Yaya ɗan fari ne, Inna kunyarsa take yi tun haihuwa. Ba ta haɗa ido da shi, magana ma sai ta bi ta bakina: “Gaya wa wancan abinci na sanyi.” To ga shi ta ce yafiyar ’ya’yanta sai a ƙofar filin jirgi, kowa ya durƙusa ta dafa kansa. Yaya ya yi furfura bai taɓa jin tafin hannunta a kansa ba. Ranar yake jira, yana so kuma a ce shi ya kai ta.

Autanmu yana da mota sabuwa fil, kuma tsakaninsa da Yaya akwai tsohuwar gardama a kan filtar iska, abin nan da ke tace ƙura kafin iska ta shiga inji. Auta ta takarda yake sawa. In ta yi baƙi ya cire ya jefar, ya sa wata, kalas, shi ke nan. Yaya kuwa in ya ga haka sai ka ce ɗan mutum aka jefa a bola.

“Almubazzaranci! Kai Auta, da ana yar da duk abin da ya yi datti, da tuni mun yar da kai.”

Shi tasa ta wanki ce. Wani ɗan kasuwa ya kawo masa daga Dubai, ja, mai raga, da kwalaba biyu: ta sabulunta da ta wani jan mai da ake ɗan fesa mata in ta bushe, don ƙura ta manne. A faɗi gaskiya, filtar ba ta da laifi. In an bi ta yadda aka ce, za ta binne motar ma. Yaya ya mayar da ita abin wa’azi. Baƙo ya zo gaisuwa, kafin a kawo shayi an buɗe masa murfin inji an nuna masa ita.

Sai dai jan man ya daɗe da ƙarewa, kwalbar ma matarsa ta zuba man zafi a ciki. Auta ya ce a aika a sayo wani, ko kuma a sa ta takarda don wannan tafiyar kawai. Har ya kawo sabuwa a kwalinta ya ajiye masa a zaure. Yaya ya ture ta da ƙafa.

“Inna za ta ɗakin Allah, in kai ta da abin yarwa?”

A wurinmu, duk abin da zai raka alhaji sai an wanke shi an turara. Mu mata muna tsakar gida da kasko, muna turara zannuwan Inna da jakarta, sai ga Yaya da filtarsa, ya dirje ta da omo da buroshin wanki. Ya ce a matsa masa. Na ce, “Yaya, ita ma za ta yi ɗawafi ne?” Ya harare ni, ya kifa ta a kan hayaƙin. Da ya gama ya shiga madafa ya ɗauko man gyaɗar da muke suya da shi. Ba fesawa ya yi ba, tsiyayawa ya yi, har yana ɗiga.

“Mai ai mai ne,” in ji shi. “Wannan ma ya fi albarka, ana cinsa.”

Kashegari ya ɗauki Inna da ni zagayen bankwana, daga danginmu na unguwar Butalbagar har gonakin Lamaji, inda hanya ba ta san kwalta ba. Ruwa bai sauka ba tukuna, ƙasa ta yi laushi kamar gari, manyan motocin yashi suna wucewa suna tula mana ƙura. Filta ta sha mai, ta samu gari, me kuke tsammani? Muna dawowa na ji motar tana nishi. Yaya ya ce nauyina ne.

Ranar tafiya muka fito da hantsi, Inna a gaba cikin fararen kaya, ni a baya da jakarta, Auta yana biye da mu da sauran dangi. Yaya ya sha babbar riga, yana tuƙi yana ɗaga wa maƙwabta hannu. Ba mu yi nisa da hawa kwalta ba mota ta fara shaƙewa. Ya taka, ta yi gurnani, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ga wani ƙamshi kamar ana toya ƙosai. Ta yi tari, ta mutu a gefen titi.

Ya buɗe murfi ya zaro filtar. Innalillahi! Ta zama tunkuza, curi guda, kiyashi har sun yi layi a jikin akwatinta. Auta ya tsaya, ya zo da ta takardar nan a hannu, ashe ya jefa ta a motarsa.

“Yaya, don girman Allah, sa wannan mu tafi.”

Da ya karɓa a lokacin, da ƙila an wuce wurin. Ina! Idon dangi na kansa. Ya ce a ba shi ruwan buta, yanzun nan zai wanke ta. Ya naɗe hannun babbar riga ya tsuguna a bakin kwata yana dirza, mai da ruwa suna yi masa dariya. Raina ya ɓaci har na ji kamar in fizge in jefa ta ƙarƙashin tirela. Jagoran alhazai yana ta kiran waya, an fara shiga.

Inna ba ta dube shi ba. Ta ce da ni, “Gaya wa wancan ya same mu can.” Ta koma motar Auta, na bi ta, muka bar shi a nan.

A ƙofar da ba a barin ’yan rakiya su wuce, muka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, ta dafa mu ta yafe mana. Ta gama, ta ƙi tafiya. Tana ta leƙen titi, ma’aikaci yana cewa Hajiya a yi sauri. Sai ta juyo ta ce, “Ina yake?” Ta kira sunansa. Sunansa na yanka, a gaban kowa, da muryar da ban san tana da ita ba. Sannan aka ja hannunta ta shige.

Can sai ga Yaya a bayan kilando, ɗan babur, riga duk baƙin mai. Na yi niyyar wanke shi tas, na tanadi maganganu tun daga hanya. Da na ga fuskarsa sai na gaya masa abin da ya faru kawai.

Inna ta dawo lafiya da haƙorin Makka, ta koma kunyarta kamar ba a yi ba. Da ta huta, Yaya ya same ni ni kaɗai a madafa, ya daɗe a tsaye yana kallon tukunya.

“Ke, sunan nan, ta yaya ta faɗe shi?”

Na gyara murya na faɗa masa, na ja ƙarshen yadda ta ja. Ya saurara da kai a sunkuye, ya ce in sake.