Fasinja Biyu a Hanyar Jahun

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Takur a Dutse, ni da maiɗakina, za mu Jahun duba surukata a asibiti. Motar Yayana na aro. Ni kuwa kayan aro tsoro yake ba ni, amma Yaya ya ce in kwantar da hankalina, babbar inshora ya yanka, mai gyara motarka da ta wanda ka buge. Ba irin ƙaramar da muke yanka don jami'an hanya ba, wadda wanda aka buge kaɗai take biya.

A bakin gari na yi abin da mu ma'aikatan Dutse muka saba, na ɗauki wasu mata biyu da kwandon barkononsu, suka ba ni kuɗin mai. Titi lafiya lau, gero ya fid da kai hagu da dama. Muka tsaya sayen ƙosai, uku naira ɗari, kowanne bai fi goro ba.

Dab da kasuwar Jahun akuya ta faɗo titi. Na kauce mata, na daki darbejiya. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, akuyar ma ko waiwaye ba ta yi ba. Amma fitila ta fashe, gaban motar ya lotsa.

Na kira lambar da ke jikin takardar inshorar. Ma'aikaciyar da ta ɗauka ta yi min jaje, ta tambayi su wa na ɗauko. Maiɗakina ta zungure ni, amma bakina ya riga ya faɗa, har da kuɗin man. Sai ta ce kuɗin inshora yana bin darajar mota ne, da halin tuƙin direba, da aikin da motar take yi. Inshorar Yaya ta motar gida ce. Wanda ya karɓi kuɗin fasinja kuwa haya ya yi, ita kuma tsarinta daban, ya fi tsada. Za su duba, amma kada in sa rai.

Mun sami surukata da sauƙi. Na lallaɓo motar zuwa Dutse, ina ta shirya bayani.

Yaya ya zagaya motar, ya saurare ni har ƙarshe.

"Nawa matan suka ba ka?"

"Dubu biyu, Yaya."

Ya karɓi mukullinsa ya shige gida. Wallahi da faɗa ya yi da na fi jin sauƙi.

Na dai gane takardar inshora ba laya ba ce da ake ajiyewa a mota, karanta ta ake yi kafin a tashi. Yau kwana huɗu, Yaya a adaidaita yake zuwa ofis.