Gajiyar mai aiki cikin inuwa

Ku kiyaye bakinku in ma'aikaci ya ce muku ya gaji. Jiya na ji surukata tana yi wa mijinta, ɗana, dariya a kan haka, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Bayan Nasara sun tafi, Baba yana aikin biro, wato ofis, a Tawa. Masu karatu kaɗan ne, aikin mutum uku shi kaɗai ke yi. In ya taso kuma, ya tarar da dangi daga Barmu a ƙofar gida, kowa da wasiƙar da za a rubuta masa.

Wata la'asar Inna ta same shi zaune a zaure, ko takalmi bai cire ba, tuwo ya huce.

"Malam, ina gajiya?"

"Akwai ta. Wata shida ke nan ba wanda ya zo ƙofar nan don ya gaishe ni kawai."

Inna ta yi dariya. "Kai da ke aiki cikin inuwa? Masu noma su ce me?"

"Gaskiyarki," in ji shi.

Bai sake faɗa ba. Ya daina hira, ya daina cin abinci da maƙwabta. Muna gida ɗaya da shi, amma cikin kaɗaici ya tsufa. Inna ta rasu tana nadamar dariyar nan.

Ko a gidajenku ma haka ake yi?

Ni dai na kafa doka. A gidana duk wanda ya ce ya gaji, a shimfiɗa masa tabarma, a zauna, a saurare shi har ya gama.