Kwanon Ruwan Zailani Mai Gem

Duk wanda ya yi wayo a Gwarzo a zamanin tsuke bakin aljihu ya san Zailani mai gyaran rediyo, ɗan siririn nan mai yawan dariya da ke da rumfa a bakin tasha. A lokacin kayan gyara sun yi ɓatan dabo, sabuwar sifika kuwa sai dai ka ji labarinta. To shi bawan Allah ba ya yarda abu ya mutu a hannunsa. In takardar sifika ta yage, ya yanko ta buhun siminti ya liƙe da ƙaro. In waya ta ƙone, ya warwaro ta wata ya naɗa. Rediyon da ya kamata a ce yara na ja a matsayin mota, sai ka ji ta tana karanta labaran rana a ƙofar gidan mai ita.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Zailani ya kwanta har an fid da rai, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya tashi babu ji ko kaɗan. Baki na nan, surutu ma sai abin da ya ƙaru, kunne ne dai ya tafi. Mutane suka yi ta jajantawa, suna cewa sana'a ta ƙare, don ina aka taɓa ganin kurma mai gyaran rediyo?

Rannan matarsa Zubaidatu tana sheƙar gero a tsakar gida, shi kuma yana zaune ya tasa wata sifika a gaba yana kallonta cikin takaici, ya jona ta da rediyo amma bai san ko tana magana ba. Iska ta kwaso 'yan ƙwayoyi ta zuba a kanta. Sai ga gero yana tsalle. Zailani ya ƙura ido, ya murɗa rediyon, geron ya ƙara tashi sama. Ya kashe, geron ya kwanta. Dariyar da ya yi ranar, har maƙwabta sai da suka leƙo.

Tun daga nan aljihunsa bai rabu da gero ba. Sifika mai lafiya geronta na rawa ko'ina daidai. Wadda ta yage, sai ya taru gefe guda yana ɗingishi. Matacciya kuwa ko motsi babu. Ita ma Zubaidatu ta samu hanya. In ta gaji da yi masa nuni da hannu, sai ta ɗauki makirfo ta zazzage faɗanta a ciki, shi kuma ya duƙa yana duba geron.

"Yau har ƙasa yake zuba," in ji shi. "Bari in tashi in yo cefanen nan."

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kiɗan biki ya ja baya, hayar sifika da yake ba masu biki, wadda ke riƙe da gidan, ta tsaya cak. Wan Zubaidatu yana da shago a Kabo da ba kowa a ciki, ya ce su zo su gwada. Nan Zailani ya buɗe gidan gem: talabijin biyu, benci, da na'urorin wasan ƙwallo da tseren mota da ya sayo na hannu a Kano. 'Yan Hisba suka zo suka gindaya sharuɗɗa, ba caca, ba yara a lokacin makaranta, a rufe in an kira salla. Ya ce ai ko ba su faɗa ba haka zai yi.

Abin alfaharinsa shi ne wani ƙaton akwatin sifika da ya haɗa da hannunsa ya kafe da ƙusa a bangon baya. Samari na son sa don in mota ta taso sai ka ji ta a ƙirji. Shi kuwa yana da nasa dalilin da bai faɗa wa kowa ba. In ya jingina da bangon nan, rurin injin yana ratsa bayansa, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage masa mai kama da ji.

Ana cikin haka sai ga mai unguwa Datti. Bayan an gaisa an tambayi iyali da kasuwa da gajiya, ya zauna yana fuskantar Zailani, yana magana a hankali don ya karanci bakinsa. Bayan bangon nan, in ji shi, ɗakin Inna Asta ne, tsohuwa mai zaman kanta. Ta kai ƙara cewa ba ta iya lazimi, ba ta iya ɗan runtsawar rana. In Juma'a ta zo abin bai daina ba, to a rufe shago.

Hankalin Zailani ya tashi, don wannan shagon shi ne tuwon gidansa. Ya rage muryar sifikar. Samari suka ce ba sa jin komai, wasu suka kama gabansu. Inna Asta kuma ta aiko cewa jiya i yau. Kai, abu ya yi masa yawa, ga ciniki na gudu ga ƙara ba ta janye ba.

Ya zauna a ƙofar shago yana zane a ƙasa da tsinke. Nan sifika, nan benci, nan ɗakin Inna. Ya daɗe yana kallon zanen kafin ya ga wautarsa. Shekara da shekaru yana duba inda sauti ke fita, bai taɓa zuwa ya duba inda yake sauka ba.

Ya ɗauki Zubaidatu suka yi sallama a gidan Inna Asta. Tsohuwa ko gaisuwar kirki ba ta bari an gama ba.

"Kai ne ɗan Gwarzon? Na buga bangon nan da muciya har hannuna ya yi tsami. Na yi kira, na yi magiya, ko tari ba ka yi mini ba. Haka ake yi wa tsofaffi a garinku?"

Zailani bai kama ko rabi ba, don Inna ba haƙora, bakinta ba ya karantuwa. Sai ya yi ta murmushi yana gyaɗa kai, wanda ya ƙara tunzura ta.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Zubaidatu. "Ba ya ji. Sanƙarau ne ya tafi da kunnensa."

Inna Asta ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ayya, ɗan nan. Ni kuwa na zage ka ya fi a ƙirga."

Ya roƙi a ara masa kwanoni. Ya cika su da ruwa, ya ajiye ɗaya a kan bencin 'yan wasa, ɗaya a kan gadon ƙarfen Inna, ɗaya a kan kantar da ta jera kwanukanta na aure a jikin bango. Ya ce wa samari su saki tsere, ya shiga zagayawa yana leƙa kowane kwano. Na kan benci da ƙyar yake motsi. Na kan gado yana rawa. Na kan kanta kuwa har yana fantsama, murafan kwanuka suna ta karkarwa a gefensa. Ashe duk ƙarfin akwatin ta bango yake bi ya sauka a kan wadda ba ta biya ba kuma ba ta so, masu wasa kuwa saura suke samu.

Ya san maganin, kuma bai ji daɗinsa ba. Ya tsaya ya ɗora tafin hannunsa a bangon na ɗan lokaci, sannan ya ɗauko guduma ya zare ƙusoshin. Ya kafa itace a gaban benci, ya rataye akwatin da robar taya yana fuskantar masu wasa, ya jera buhunan ƙaiƙayi a jikin bango. Da ya jingina a wurin zamansa, bayansa bai ji komai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mai unguwa Datti ya zauna a ɗakin Inna Asta, kwanon ruwa na kan kanta. A shago samari na ihu wai ba su taɓa jin mota ta yi daɗi haka ba. Ruwa kuwa ya kwanta luf.

"An kunna kuwa?" in ji Inna.

Mai unguwa ya yi dariya ya ce shago ya zauna. Zailani ya yi ta godiya har hularsa na faɗuwa. Ya tattara kwanoni zai mayar, sai Inna ta ware ɗaya ta tura masa. Ta sa Zubaidatu ta yi masa bayani: ya kafa 'yar kanta a nasa gefen bangon, sama da buhunan, ya ɗora kwanon da ruwa. Ita ba za ta sake buga bango a banza ba.

Washegari da hantsi yana cikin ba wa wani saurayi canji, idonsa ya kai kan kwanon. Ruwan ya girgiza, ya tsaya, ya sake girgiza. Ya zaci ƙarar gem ce ta sake damun Inna. Ya dubi akwatin sifika, ya ga ko kunna shi ba a yi ba tukuna. Ya zagaya da sauri ya yi sallama.

Inna Asta na zaune da muciya a hannu, ga kwanon ɗanwake a gabanta yana tururi, an barbaɗe shi da yaji. Ta nuna masa tabarma.

Zailani ya zauna yana dariya, idonsa ya ciko da ƙwalla. Rabon da wani ya kira shi daga inda ba ya ganinsa har ya amsa, tun kafin ya kwanta ciwo.

"Na ji, Inna," in ji shi. "Wallahi na ji."