Tsoho a Bakin Tukunyar Jirgi

A tashar Kulikoro, cikin tsohon jirgin ruwa mai tururi da ake gyarawa don baƙi masu zuwa kallo, wani dattijo na zaune a bakin tukunyar wuta. Ban san shi ba. Shuɗiyar rigarsa ta koɗe, hannuwansa duk tabon ƙuna ne. Kafin ya dafa ƙarfen sai ya fara kai bayan hannu kamar mai gudun zafi, alhali wutar nan ta mutu tun kafin a haife ni. Ina jin shi ke cusa mata itace a da.

Yau za a yanke tukunyar, a jera teburan cin abinci a gurbinta. Mai walda na tsaye, wutarsa na huci, ɗan kwangila kuma na daka masa tsawa daga sama.

"Baba, tashi mana. Tartsatsi zai ƙone ka."

Tsohon bai ɗago ba. "Ɗan wane gida ne kai?"

"Jara."

"Af! Ashe bawana ne, sarkin cin wake. Ni Tarawele ne."

Ba wanda ya yi dariya. A nan Mali, duk mun san dangin Jara da na Tarawele abokan wasa ne: a zagi juna son rai, amma ɗaya ba ya ɗaga wa ɗaya hannu. Gumi na bin wuyan mai waldan. Ya dubi sama, ya dubi tabon nan.

"Baba, aikina fa za ka kashe."

"Yanka," in ji tsohon, yana ƙara manna bayansa da ƙarfen. "Amma ta nan za ka fara."