Ƙarfen da ke idon ƙanena

Ƙanena gyaran injin ban ruwa yake yi a ƙauyenmu, kusa da Rufa'a. Da ya fara jan ƙafarsa ta dama, sai muka ce gajiya ce. Daga baya hannu ya kama rawa, har ƙusa ta gagare shi ɗauka. A Khartum, kafin yaƙi, likita ya ce ciwo ne mai cin rigar jijiyoyi, kuma maganinsa ya fi ƙarfinmu.

Sai aka ce ana gwajin wani sabon magani, kyauta. Sharaɗin shi ne a riƙa saka mutum cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa lokaci lokaci, a ƙirga fararen tabon da ciwon ke bari, a ga ko suna ƙaruwa. Da wannan hoton masu binciken ke gane ko maganin na aiki. In babu hoto, babu shiga.

Ni na raka shi, don ni ce babba. Likitar da ke wajen gwajin ta ce na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfi, ta tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ya ce babu, ko ƙiftawa bai yi ba. Ni kuwa ina nan ranar da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa ido yana wasa wani ƙarfen inji. Ni na ɗiga masa ruwan gishiri, aka bar maganar. Bakina ba ya riƙe zance, kowa a gidanmu ya sani. Na faɗa.

Aka duba idon hagu, ga shi nan can ciki, bai kai ƙwayar riɗi ba. Likitar ta ce na'urar za ta iya motsa shi ya makantar da idon, ciro shi ma haɗari ne. Suka ba mu haƙuri.

A mota ya kau da kai yana kallon taga har muka kusa gida. Haushi ya ishe ni, na ce, "Kalas, ya isa haka, ka yi magana mana. Idonka na cece maka."

Ya ce, "Yaya, ido biyu gare ni. Da kin bari na ba da guda, in samu ƙafahuna."

Yanzu a kan gado yake yini, ni nake juya shi. Har yau maganar nan tasa tana cina. Idanunsa biyu garau, da su yake kallona in na shigo da ruwan wanka.