Kati na Sifili da Muryar Kawu

Shekarar da idon kawuna ya fara rauni har ya daina fita su, na yi niyyar naɗar muryarsa. Yayan mahaifiyata ne, masunci daga wani ƙauye kusa da Kirikasamma. Ya san sunan kowane tafki a fadamarmu, har da waɗanda ciyawar kachalla ta cinye.

Ya zo Haɗeja ganin likitan ido, ya sauka a gidanmu na kwana huɗu. Na aro makirufo mai waya a wurin abokiyar aikina, malamar kwamfuta a makarantar da nake koyarwa. Ita ta haɗa mini komai. Ta ce kwamfutata tana ganin katin sauti biyu, wato abin da murya ke shiga da fita ta cikinsa: na cikinta, da wani ƙarami da ke jikin makirufon.

"Daga sifili take fara ƙirge," in ji ta. "Na ciki shi ne sifili, wannan kuma ɗaya. Na saita ta ɗauka daga ɗaya."

Ranar farko komai ya tafi daidai. Washegari da hantsi na yi wa Kawu shimfiɗa a gindin darbejiya, na ja waya har gabansa, na bar kwamfutar a bakin ƙofar ɗaki. Sai dai wannan karon na soka makirufon kafin in kunna kwamfutar. Kawu ya yi ta bayani har azahar, yadda ake hawa gora a bi ruwa, da inda kifin nan ragon ruwa ke kwanciya in ambaliya ta janye.

Da na zauna saurare, kaji na ji, da dakan maƙwabciyarmu, da wucewar Keke Napep. Muryar Kawu tana can nesa kamar daga tsallaken kogi.

Bayan la'asar malamar ta zo. Ta buɗe jerin katunan ta nuna mini. Kowane kati yana da lamba da suna, a ƙarƙashinsa kuma ga na'urorinsa, ta ɗaukar sauti da ta fitarwa.

"Kin gani? Yau makirufon ta fara cin karo da shi, ta ba shi sifili. Na ciki ya koma ɗaya, da shi kika yi ta ɗauka. Lamba takan sauya, Malama, amma sunan yana nan. Laifina ne, da suna ya kamata in saita miki." Ta goge lambar ta rubuta sunan.

Na je na durƙusa gaban Kawu na gaya masa.

"To mene ne abin ɓata rai, 'yar nan? Ai ina nan. Gobe sai mu sake."

Muka sake. Amma bai maimaita na jiya ba. Ya shiga labarin ranar da mahaifiyata, tana 'yar shekara bakwai, ta hau gorarsa a ɓoye ruwa ya ja ta, ya bi ta da iyo ya kamo ta a cikin gonar shinkafar wani. Mahaifiyar tawa tana zaune kusa da mu tana tsince wake, ta ce ƙarya yake yi, gonar kakansu ce. Suka yi ta musu, duk ya shiga.

Ranar da zai koma ya ce in kunna masa. Ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Ashe haka nake da saurin magana? Ba wanda ya taɓa gaya mini."